Ƙararrawar Jakin Gaba

Na bar Tanut bayan la'asar a kan babur ɗin Kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Cewa ya yi in kai shi Gangara in dawo da shi washegari, a ga ko gyaran da na yi zai jure rangadi. Daɗi kamar ya kashe ni, domin matata Hajjo tana can gidan iyayenta tana wankan jego, kwana huɗu da haihuwa, ban ko ga fuskar yaron ba.

Sunana Mailafiya, maƙeri ɗan maƙeri daga Damagaram, kuma babur ɗin nan ya ba ni wuya. An ƙera shi ne don hanyoyin ƙasar Turawa, da ya shiga yashin Damargu sai ya yi tari ya mutu. Na goge kan injin don wuta ta ƙara matsewa, na buɗe maƙogwaron da isansi, wato fetur, ke bi. Ƙarfi ya zo, amma sai ya riƙa cinye zoben tagullar da sandar injin ke juyawa a ciki. Sau uku ina zuba sabo, sau uku yana narkewa.

Ana cikin haka Attahir, wani makiyayi da nake yi wa wuƙaƙe, ya kawo mini ƙararrawa ƙunshe a tsumma. Irin wadda fatake ke rataya wa jakin gaba ce, sauran ayari su bi sautinta.

"Raƙumina ya tono ta a yashi," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Akwai ƙasusuwa a wurin, na mutane da na jakai. Ƙishirwa ce ta kashe su. Ku maƙera kun san yadda ake yi da irin wannan. Ka binne ta."

Na ce to. Ubana ya koya mini kada in sa ƙarfen matacce a wuta, na kuma sani sarai. Amma da na ƙwanƙwasa ta da farce na ji tagullar da ban taɓa jin irinta ba. Kafin Attahir ya kai bakin kasuwa na narka ta, na zuba sabon zobe da ita. Kwaɗayin gwaninta ne, ba wani abu ba.

Zoben kuwa ya yi. Babur ya riƙa keta yashi yana haye tudu ba ko nishi, ni ina kai ina jin ba maƙeri irina daga nan har Agadas.

Rana ta yi ja lokacin da na fara jin sautin. Can cikin rurin injin akwai wani siririn ƙara, ƙil, ƙil, ƙil, a hankali, daidai da takun jaki mai kaya. Na ƙara wuta. Injin ya ƙara sauri, sautin bai ƙara ba.

Sai wari ya zo. Warin gumin jaki, da kanwa, da tsohuwar fatar salka. Iska daga gabana take busowa, amma warin daga baya yake.

Na waiga sau ɗaya.

Layi ne dogo, ya miƙe har inda ido ya ƙare. Jakai da kaya, mutane da sanduna, kawuna a sunkuye. Tafiyar gajiya suke yi, ƙafa na jan ƙafa. Ni ina gudun da doki ba zai iya ba, amma tazararmu ba ta wuce jifa guda ba.

Na murɗe famfon isansi don in kashe injin. Bai mutu ba. Na fizge wayar wuta, ta tsinke a hannuna. Bai ko yi tari ba.

Ƙil, ƙil, ƙil.

A sannan na hango hayaƙin girkin Gangara, na kuma gane abin da nake shirin yi. Ni ne jakin gabansu. Inda na shiga, nan za su shiga. Kuma babu inda zan tsaya a garin nan sai ƙofar ɗakin da ɗana yake kwance, jariri ko suna ba a raɗa masa ba. Tsoron da na ji a baya wasa ne a kan wanda ya kama ni a nan.

Na karya kan babur na bar hanya.

Akwai wata rijiyar makiyaya yamma da gari, mai zurfi, da kwamin itace guda biyu. Na nufe ta ta cikin ƙaya da sabara. Na tarar ba kowa, sai guga da igiya a rataye. Na jingina babur da gindin adua, yana ta ruri. Ƙafafuna suna so su gudu, na hana su, don in na gudu ban san wa za su bi ba.

Na jefa guga.

Takun ya iso. Ya tsaya a bayana. Ba numfashi ko ɗaya, sai ƙarar igiyar kaya da ta bushe.

Na jawo, na zuba a kwami, na yi bisimilla. Ruwan ya ragu a kan idona har ƙasan itacen ya bayyana. Na sake jefawa. Igiya ta yanke mini tafin hannu, ban daina ba.

Wata murya ta yi magana daidai kunnena, busasshiya kamar karan dawa.

"Madugu, mun iso?"

Da ƙyar na ce, "Kun iso, baba. Ku sha."

"Akwai na baya."

"Kowa zai samu."

Ban san guga nawa na ja ba. Hasken magariba yana ƙarewa, kafaɗuna sun mutu, jini ya jiƙa igiya. Wani abu mai sanyi ya goge gwiwar hannuna, hancin jaki ne, ya wuce zuwa kwami. Ban ɗaga ido ba.

Can sai na ji ƙarar shan ruwa kawai ta ko'ina. Ba wanda ke bayana.

Na ajiye guga a hankali. Na cire takalmana. Na yi taku ɗaya, na yi na biyu. A na goma na zura da gudu, ƙaya tana shiga ƙafata, rurin injin yana nisa.

Ban shiga gidan surukaina ba, ban yarda da abin da ke jikina ba. A masallacin bakin gari na faɗi, a nan liman ya tsince ni.

Da safe makiyaya suka tarar da babur yana ruri, tankinsa a bushe ƙayau. Ba wanda ya taɓa shi sai da ya yi shiru don kansa da hantsi. Da aka buɗe injin babu zoben, ko ɓurɓushinsa. Kumandan bai saurari zancen ayari ba, ya aiko gardawa, dogarawan bariki, suka mayar da ni Tanut, wata uku a gidan kaso. A can, ta ramin ƙofa, Attahir ya gaya mini an raɗa wa yaron suna Ilyasu, kuma shi da uwarsa lafiya lau. Na yi kuka kamar yaro, ban ji kunya ba.

Ya juya zai tafi, sai ya dawo ya sa baki a ramin.

"Na je rijiyar, maƙeri. Sawun ayarin ya yi kudu, duka." Ya rage murya. "Sai mutum ɗaya. Ya bi sawunka, taku a kan taku, har ƙofar masallacin. Ya daɗe a tsaye a wurin kafin ya juya."