Numfashin Zuhuratu

"Tijani! Dubi leɓenta... ya yi shuɗi!"

Najat ce ta ƙwalla ƙara, jaririyarta 'yar kwana ɗaya tana numfashi sama-sama a ƙirjinta.

Ko takalmi mijin nata bai tsaya sakawa ba, ya tare musu yelo-yelo, babur mai ƙafa uku, daga unguwar Aboabo sai asibiti.

Nan take aka sa wa jaririyar robar iska a hanci.

Kafin la'asar magana ta zaga dangi. Sumaiya, wadda aka so Tijani ya aura ya ƙi, ita ta yaɗa wai Najat magani ta sha don cikin ya zube.

Mma Barikisu, mahaifiyar Tijani, ta iso fuska a murtuke.

"Tun farko na gaya maka yarinyar nan..."

"Mma, don Allah ki tsaya ki ji likita."

Dokta Serwaa ta yi bayani da Hausarta ta kasuwa.

"Mma, ba magani ba. Rubela ne, kamar ƙyanda. Ya kama uwa lokacin ciki ƙarami, ya taɓa yaro. Jini yana matse a hanyar huhu, shi ya sa numfashi wuya."

Tijani ya dafe kai.

"Ƙurajen nan! Ni na fara yin su, a makarantar da nake koyarwa na kwaso... Ita ta yi jinyata, Mma."

"Masoyi, bari..." Najat ta riƙo hannunsa, hawaye na zuba. "Ko yau ka kwanta, ni zan yi jinyarka."

Mma Barikisu ta dubi surukarta. Can ta matso, ta gyara wa Najat ɗankwali.

"'Yata, kin ci abinci kuwa?"

Tun daga ranar kullum sai ta zo da tuwo da miyar ayoyo.

Rana ta goma sha tara aka cire robar.

Jaririyar ta ja numfashi da kanta, ta callara kuka!

"Alhamdulillahi!" Mma ta rangaɗa guɗa har sai da nas ta leƙo.

Likita ta ce za a ci gaba da duba zuciyarta, kuma kunnen hagu da wuya ya ji sosai.

Tijani ya sunkuya daidai kunnen dama.

"Zuhuratu, Babanki ne... kyawun uwarki kika kwaso."

"Ƙarya ne!" in ji Mma. "Hancina ne wannan!"

Najat ta kwantar da kai a kafaɗar mijinta tana dariya.