Ɗigon da ke Katunan Baba

"Duk mazan da ke kamfanin nan, sai wanda aka ɗauko ya raba ni da aikina kika gani?"

Baba bai ɗaga murya ba. Yana zaune a falo yana kwance igiyar takalmi, ni kuma ina tsaye da kofin ruwa.

"Baba, ba korarka ya zo yi ba... koyarwa ya zo."

"Na ji. Ajiye ruwan."

Mama ta leƙo daga kicin ta yi min ido, alamar in ja bakina. Na ja shi kuwa, amma na san wadda ta kai gulmar. 'Yar Kwalisa ce, mai karɓar baƙi a ofis, wadda tun ranar da Malam, mutumin da Baba ke nufi, ya iso ta koma sauya turare kullum.

Shekara ashirin da shida Baba yana riƙe da siton kamfanin, inda ake sayar da kayan wuta: waya, soket, ƙwan fitila. Kowane kaya da katinsa, rubuce da hannunsa. Ni wata takwas kacal na yi a sashen saye. Sai kamfani ya kawo babbar manhajar kwamfuta da za ta haɗa dukkan sassa, aka turo Malam ya koya mana cikin mako shida.

Ranar farko ya tsaya gaban allo ya ce, "Ku ɗauke ta kamar gida ɗaya mai ɗakuna da yawa. In mai sayarwa ya fitar da soket ɗaya, sito ya gani, sashen saye ya gani, manaja ya gani. Abin da ka shigar da safe, da shi wani zai yi aiki da rana."

Na ɗaga hannu.

"In na shigar da shirme fa?"

"Duk gidan zai sha shirme," ya ce, yana murmushi.

Daga nan na zama mai tambayar ajin. Me ya sa kowane kaya sai da lambarsa? Me ya sa wanda ya nemi a sayo abu ba shi zai amince da buƙatar ba? Wasu tambayoyin na san amsarsu sarai, muryarsa kawai nake son ji. Shi ma ba wawa ba ne.

"Ɗalibata, wannan ai jiya na amsa miki ita," ya ce wata rana a lokacin hutun rana, aji ya watse.

"Na manta."

"Ke? Ke da kike gyara min lambar kaya in na yi kuskure?"

Na sunkuyar da kai.

"To ni ma ina da tambaya," ya ce a hankali. "In na gama na tafi, wa zai riƙa damuna? Na saba, rabin raina... ban san yadda zan yi ba."

A nan zuciyata ta tafi, ban ma yi ƙoƙarin riƙe ta ba.

Bayan maganar Baba, sau biyu Malam yana zuwa ƙofar sito don gaishe shi, sau biyu Baba yana cewa aiki ya yi masa yawa. Saura mako guda a tura Malam wani gari. Na san halin mahaifina: in ya bar mutum ya tafi bai amsa gaisuwarsa ba, magana ta mutu ke nan. Ni kuma ba zan taka Baba in wuce ba, ko da son zai kashe ni.

Ni aka ba aikin kwashe katunan sito zuwa cikin manhajar. Kati ɗari tara da 'yan kai! Baba ya turo min su a kwali ba tare da wani bayani ba, ni ma kunya da fushi suka hana ni tambayarsa komai. Na shigar da suna, na shigar da lamba, na shigar da adadi. Nan da can ina ganin ɗan ɗigo kusa da adadin, na ce biron Baba ne ya tsufa yana zubar da tawada.

Ranar Litinin aka fara aiki da manhajar. Kafin ƙarfe goma ta jero wa manaja buƙatun saye sittin da uku, wai kaya sun kusa ƙarewa, alhali sito cike yake har rufi.

Manaja ya tara mu a sito, fuska a murtuke.

"Kwamfuta ta ce ƙwan fitila arba'in ya rage. Wannan tulin fa, na wane ne?"

"Ranka ya daɗe, ai katunan tsohon ne," 'Yar Kwalisa ta ce, tana gyara gyale. "Malam ya yi iya ƙoƙarinsa. Shekaru ne kawai, ba a faɗa."

Na kalli Baba. Yana tsaye hannuwansa a baya, leɓensa na motsi. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, sai hawaye suka cika min ido.

Malam bai kula kowa ba. Ya ɗauki katin ƙwan fitila ya nufi kantar kaya, ya ƙirga kwalaye da yatsa, ya dawo ya rusuna.

"Baba, kwali arba'in na ƙirga cif. Wannan ɗigon da ke gefen arba'in ɗin, me yake nufi?"

Baba ya karɓi katin.

"Kwali ke nan. Ɗigo biyu, ɗauri. In babu ɗigo, ɗai-ɗai." Ya juya ga manaja. "Shekara ashirin da shida haka nake yi. Wa ya tambaye ni?"

"Laifina ne!" na ce. "Ni na shigar da su ɗai-ɗai... na ɗauka tabon biro ne."

"A'a, nawa ne laifin," Malam ya ce. "Mako biyar ina koyar da manhajar sito, ban taɓa zama na ga yadda mai siton yake aiki ba. Ranka ya daɗe, babu kuskure ko ɗaya a katunan nan. Kada ka amince da buƙatun. Ka ba ni kwana uku in gyara, amma sai da Baba, don ban san kwali nawa ke ɗaukar nawa ba. Shi kaɗai ya sani."

'Yar Kwalisa ta tuna ta bar waya na ƙara a teburinta.

Kwana ukun nan, duk wanda ya wuce sito sai ya rage tafiya. Malam na zaune a 'yar kujera, kwamfuta a cinya, Baba na tsaye a kansa kamar hedimasta.

"Soket, hamsin a kwali. Na wancan kamfanin kuma arba'in da takwas, kar ka haɗa su."

"To, Baba."

"Ka rubuta, kar ka ce min to!"

A rana ta biyu na kawo takarda na tarar sun yi musanya. Baba ne a kujera da tabarau a ƙarshen hanci, yana danna madanni da yatsa ɗaya, Malam na nuna masa inda zai ga abin da ya fita yau.

"Ashe tana jin magana," Baba ya ce, "in an faɗa mata gaskiya."

A rana ta uku manaja ya sa hannu cewa babu wanda zai sauya bayanin kaya a manhajar sai mai sito ya amince. Malam ya yi sallama da kowa. A bakin ƙofa ya ce min, "Ban yi masa maganarmu ba, masoyiyata. Ban so ya ɗauka don ita na yi."

"To shi ke nan?"

"Jibi da safe zan tafi. Sauran na Allah ne."

Da yamma muna hanyar gida ni da Baba. Ina ta haɗiye kuka. Sai da muka kai ƙofa ya tsaya yana laluben aljihu.

"Malamin nan naku, iyayensa na raye?"

Na dube shi da sauri.

"Suna nan, Baba."

"To ya ɗaga tafiyar. Ki ce su zo ranar Asabar, ina gida."

"Baba...!"

"Kar ki yi min kuka a titi." Ya tura ƙofa, sannan ya waiwayo, idonsa shi ma ya yi ja. "Da na ce ba zan ba shi ba. Amma kwana uku ina yi masa tsawa, bai taɓa sa na ji ni jahili ne ba. Wanda ya iya riƙe tsoho haka zai iya riƙe min ke."