Ɗakin da ke Bayan Bedi

A ƙofar kwalejin horon malamai ta Katsina Yahanasu ta fara ganinsa, tana ɗauke da ƙwaryar fura a ka. Saurayi ne dogo cikin fararen kaya. Ya durƙusa ya gaida mahaifinta, Malam Labaran, ya ce sunansa Maniru, ɗan ajin ƙarshe, shi shugaban makaranta ya sa ya zagaya da su. Da ya miƙa hannu zai karɓi ƙwaryar, sai ta ja mayafi ta koma bayan Gwaggo Yelwa.

"Bar mata kayanta, ɗan nan," in ji Gwaggo. "Wannan ko kaza ta dube ta sai ta ɓuya."

Ilu, ƙanen Yahanasu, shi ya fito da su daga Kurfi. Ya gama firamare a shekarun nan na bayan samun 'yancin kai, makarantu biyu suka neme shi. Malam ya ce ba ya ba da ɗa ga wurin da bai taka da ƙafarsa ba. Sun riga sun je ta farko, Gwaggo ta ɗanɗana miyarsu ta ce ruwan wankin tukunya ya fi ta, aka soke ta tun kafin su hau mota. Wannan ce ta biyu.

Maniru ya iya baki. Ya nuna musu azuzuwa, da ɗakin littattafai, da wani ƙwallo mai juyawa wanda ya ce duniya ce. Gwaggo ta juya shi ta ce a nuna mata Kurfi. Aka rasa. Ta ce to wannan ba duniyarta ba ce. Malam bai kula da ƙwallo ba, masallaci ya nufa. Ya duba alƙibla, ya leƙa randunan alwala, ya tambayi sunan malamin da ya karantar da liman. A ɗakin girki Gwaggo ta buɗe tukunya ba wanda ya ce ta buɗe, ta lasa, ta ce da daddawa, za a iya zama.

Yahanasu kuwa idonta bai huta ba. Ta lura duk sanda suka kusanci wasu itatuwan bedi sai Maniru ya tsaya ya ba wa hanyar baya, ya ɗaga hannu ya nuna wani abu can nesa. Da manya suka yi gaba, ta tambaye shi a hankali, kanta a ƙasa, mene ne a bayan bedin can.

Ya sosa ƙeya. Ya ce ba komai, wani tsohon ɗaki ne. Sannan ya yi murmushi ya ce, "Ashe kina magana. Na ɗauka ido kawai Allah ya ba ki."

Daga ranar ya sa mata suna Mai-ido.

Malam ya yarda, Ilu ya shiga kwaleji. Maniru mutumin Dutsin-Ma ne, kuma motar Katsina ta Kurfi take bi, don haka duk hutu sai ya sauka ya kawo gaisuwar Ilu, ko da kuwa Ilun na tsaye a gefensa. Gwaggo, wadda ke sayar da fura a tasha, ita ta fara ganewa. Ta ce gaisuwar da mai ita ke tsaye ana kawo ta, da sauran magana a ciki. Ita ce kuma ta riƙa shigo da 'yan takardu a ƙarƙashin faifai, don Yahanasu ta yi elementare, tana iya haɗa baƙi.

"Mai-ido, na sha furar Gwaggo amma na san ba ita ta dama ba. Allah ya sa na sha ta har tsufa."

Ita ma ta amsa da rubutunta mai karkacewa:

"Ɗan rakiya, Gwaggo ce ta dama. Ni yaji kawai na sa. Ka gaida mutanen Dutsin-Ma."

Bayan ya gama karatu aka ba shi aji a Dabawa, iyayensa suka aiko da goro neman izinin zance. Malam bai ce a'a ba. Akwai dai Ya'u, ɗan ƙanensa, wanda ke taya shi karantar da yara a zaure, kuma kowa ya san shi ma yana ciki. Yahanasu tana girmama Ya'u kamar wa, amma bai taɓa sa ta ƙona tuwo ba. Maniru kuwa in aka ce ya sauka a tasha, ranar sai an ci ƙanzo.

Da damina ta yi nisa, Malam ya aiki Ya'u ya kai wa Ilu gero da kuka. Ya'u ya dawo da labari. Ɗakin da ke bayan bedi ba tsohon ɗaki ba ne, nan 'yan ƙananan azuzuwa ke kwana, har da Ilu. Tun bara iska ta yaye gefen kwanon rufinsa. In aka yi ruwa sai su tattara tabarmi kusurwa guda su jera kwanonin abinci suna tare yoyo. Ilu yana tari, amma ya ƙi faɗa don kada a cire shi. Ya'u bai ƙara gishiri ba, abin da ya gani ya faɗa.

Malam ya ce shi yoyo bai dame shi ba, a rumfar kara ya yi karatu, ruwa na zuba a kan allonsa. Abin da ya dame shi, ya je da ƙafarsa don ya gani, aka tare masa hanya da baki mai daɗi. Wanda ya ɓoye masa rufi yau, me zai ɓoye wa ɗiyarsa gobe? Ya sa aka mayar da goron Dutsin-Ma.

Yahanasu ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Abin da ya fi ci mata rai, ita da bakinta ta tambaya, ita da ba ta tambayar kowa komai, ya ce mata ba komai. Takarda ta zo ƙarƙashin faifai, ta ce Gwaggo ta mayar. Gwaggo ta ce ita ba gidan waya ba ce, ta cusa ta a bayan tukunya. Can ta zauna ba a buɗe ba.

Mahaifin Maniru, Alhaji Yero, fatauci yake yi na shanu. A kara, kasuwar shanu, an san shi da hali guda: ba ya barin a yi ciniki sai ya faɗi aibin dabba tukuna. Wannan tana harbi, wancan ya taɓa karaya. Mutane kan ce in Alhaji ya gama kushe dabba, to ka saya ka kwana lafiya. Da ya ji dalilin dawowar goro bai yi faɗa ba. Bayan 'yan makonni ya ce wa ɗansa ya sa rigarsa su tafi Kurfi.

Da hantsi suka iso. Malam na zaure da Ya'u. Gwaggo ta jawo Yahanasu suka laɓe a bayan zana. Bayan gaisuwa, Alhaji ya kama hannun Maniru ya tsayar da shi a tsakiyar zaure, ya juya shi hagu da dama.

"Malam, na kawo maka wani maraƙi, amma ka san al'adata, sai na faɗi aibinsa. Yana da nauyin barci. Ba ya cin kuɓewa. In ya hau keke ba ya ganin mutane. Babban aibinsa kuwa, in yana son abu sai bakinsa ya riga gaskiya fita. Wannan ba a gidana ya koya ba. To, faɗi sauran da kanka."

Maniru ya durƙusa. Ya ce gaskiya ne an umarce su kada su bi da baƙi ta bayan bedi, amma ba zai laɓe a bayan wannan ba. Ya ji yadda aka soke makarantar farko a kan miya. Ya ji tsoron in Malam ya ga rufin nan zai tafi da Ilu, shi kuma ba shi da sauran dalilin sauka a Kurfi. Ya ce ya koma kwalejin, shi da tsoffin abokansa da kafinta, sun gyara rufin, ya kuma kai Ilu asibiti, tari ya tafi. Amma ya san gyaran rufi ba ya goge maganar da ya yi.

Malam ya dubi Ya'u. Ya'u ya sunkuyar da kai, ya ce shi ma ya ji labarin gyaran, gaskiya ne. Alhaji ya ce to saura abu guda: a zo a duba gidan da za a kai yarinya, kuma ta baya za a fara.

Gwaggo ce ta je. Ta dawo tana dariya, ta ce ba ta taɓa ganin irin wannan ba. Tun daga makewayi aka fara da ita, aka nuna mata katangar da ta tsage, da rumbun da ɓera ke shiga, da wata tsohuwar tunkiya mai tunkuyin baƙi. Sai da ta gaji da ganin aibi sannan aka kai ta ɗakin amarya, sabon yaɓe, tas da shi. Ko nan ma Maniru ya nuna mata wani wuri kusa da ƙofa ya ce bai tabbata da shi ba sai an yi ruwa.

Malam ya kira ɗiyarsa ya tambaye ta. Ta rufe fuska, ta raɗa wa Gwaggo. Gwaggo ta ce, ta ce yanzu ta ga bayan bedi. A ranar Yahanasu ta zaro takardar nan daga bayan tukunya. Layi ɗaya ne a ciki:

"Mai-ido, kin tambaye ni, ban faɗi gaskiya ba. Ki sake tambayata."

Da Alhaji Yero ya dawo da goro, Malam ya ce shi ma ba zai bari a fi shi ba. Ɗiyarsa tana da aibi: sai a wuni ba a ji muryarta ba, hannunta da nauyi wajen yaji, kuma ba abin da za ka ɓoye a gida ba ta gani ba.

"Mun ji, mun gani, mun karɓa," in ji Alhaji.

Bayan kaka aka ɗaura aure a ƙofar gidan Malam. Ya'u ne ya ja addu'a, muryarsa ba ta rawa. Ilu ya zo cikin fararen kayan makaranta yana taƙama cewa shi ya haɗa wannan aure da tarinsa. Gwaggo ta raka amarya har Dutsin-Ma, ta gargaɗe ta da tunkiya.

Ruwan farko na shekara ya sauka da la'asar, Maniru na hanyar dawowa daga Dabawa. Ya shigo jiƙe sharkaf, ko keken bai jingine da kyau ba, ya ce bari ya duba wurin nan na kusa da ƙofa. Ya tarar da kwano a ajiye daidai wurin, ruwa na ɗiga a ciki ɗis, ɗis.

"Yaushe kika sa shi, Mai-ido?"

"Tun ranar da aka kawo ni," in ji ta, tana miƙa masa busasshiyar riga. "Ai ka faɗa wa Gwaggo."

Suka zauna a bakin gado suna sauraron kwanon yana cika. Allah ya bar su tare, ya ba su zuriya mai albarka, ya rufa musu asiri kamar yadda suka daina rufe wa juna komai.