Kofi Mai Jan Fenti

"Sauke min jikana!" in ji Umma, tana tsaye a ƙofar falo. "Da wannan hannun kike shafa masa mai?"

Auta, matar ɗanta, ta dubi yatsanta. Tusar jaki ce guda ɗaya, ƙarama, a gefen farce. A gaban maƙwabtan da suka zo ganin jariri Umma ta karɓe yaron, ta ce irin wannan abu a jini yake, daga gidansu Auta aka kwaso shi. Ran nan aka ɗiga wa wani kofi jan fenti aka ce shi ne nata. Yaro kuwa sai lokacin shan nono ake miƙo mata shi, hannunta naɗe da tsumma.

Yayar mijinta ta ce aikin minti ɗaya ne. Ta ɗauko rezar da kowa ke yanke farce da ita a gidan, ta daddatse abin har jini ya zuba. Kafin wata ya ƙare sun bazu a yatsu uku.

"Ka gani ko?" Umma ta ce wa ɗanta, wanda tela ne, da ya dawo daga shago. "Ka maida ta gidansu kafin ta gama da mu!"

"Umma, ki yi haƙuri. Asibiti zan kai ta, ba gidansu ba."

"Iye! An shanye min kai!"

A hanya Auta ta yi ta kuka. "Don Allah, ka bar ni in tafi kawai. Ɗana ma ya fara mantawa da ni."

"Ki tafi ina? Wa zai riƙa yi min dariya idan na ɗinka hannun riga a baibai?"

Likitar fata ta duba ta yi tsaki. "Wa ya yanka miki? Wannan ba gado ba ne. Ƙwayar cuta ce ke shiga ta 'yar tsagar fata, musamman hannun da ke yini cikin ruwa. Yanka shi ke watsa ta." Ta ƙona manyan da wani magani mai tsananin sanyi, ta ba ta na shafawa, ta ce ta rufe da filasta, ta daina cizon farce, kowa ya riƙe rezarsa da tawul ɗinsa. "Ɗanki kuma ki ɗauki abinki."

Umma ta ce surutun asibiti ne. Auta dai ta bi umarnin likita. Kullum ta jiƙa hannu a ruwan ɗumi, ta shafa magani, ta sha ruwa a kofinta. Makonni suka wuce, fata ta koma sumul.

Sai kuma ta lura Umma ta koma ɓoye hannun dama cikin mayafi. Wata safiya ta shiga ɗakinta da kwanon ruwan ɗumi da kwalbar magani.

"Umma, kawo in gani."

Guda biyu ne a babban yatsa, daidai inda rezar nan ke bi. Auta ta durƙusa ta shafa mata, ta liƙa filasta. Hawaye suka zubo wa Umma.

"Ki yafe ni, 'yata," ta ce a hankali.

Tela yana bakin ƙofa. Ya sunkuyar da kai. "Umma, ba a ɗaki aka faɗi waccan maganar ba. A falo ne, kuma har iyayenta aka ambata."

Da yamma Umma ta aika aka kira maƙwabtan nan. Ta nuna musu yatsanta, ta janye maganarta kalma bayan kalma, ta ɗora jariri a cinyar uwarsa. Sannan ta sa aka kawo mata ruwa a kofi mai jan fenti, ta shanye.

Haƙurin Auta ya biya ta. Amma a lura da kyau: wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a, raɗa a ɗaki ba ta wanke shi. A gaban jama'ar nan za a mayar masa da abinsa.