Rabin Kuɗi a Kantin Alhaji Mu'azu

Ranar wata Asabar da hantsi, cikin damunar 2001, Sufeto Almu Garba ya fito daga caji ofis ɗinsu na Agege yana ta washe baki kamar ango. A aljihun kakinsa akwai wani ɗan kati ruwan ɗorawa da matarsa ta damƙa masa, tare da kashedin kada ya kuskura ya dawo gida ba fanka mai tsaye. Duk mai irin katin nan, yau zai sayi kaya a rabin kuɗi a Kantin Sauƙi na Alhaji Mu'azu: talabijin mai kala, firji, dutsen guga, rediyo mai cin kaset biyu, har da kulolin abinci. Shi kuwa Sufeto, Allah ya jarabce shi da son araha. Mutum ne da zai hau motar haya ta danfo har Ikorodu don kawai an ce masa tocila ta fi sauƙi a can.

Bai kai ga tare okada ba sai ga Saje Longji a guje, hula a hannu.

"Oga! An hargitse a Kantin Sauƙi! Alhaji ya aiko wai an cuce shi, mutane kuma suna neman ɓalle ƙofa!"

"Kantin da zan je? Kai, Longji, tayar da mota!"

Tirƙashi! Tun daga bakin layi ba masaka tsinke. Mata daga Abule Egba, direbobin tirela daga Apapa, 'yan unguwa, kowa ya ɗaga kati sama yana ihu, wani da Hausa, wani da Yarabanci. Da ƙyar 'yan sanda suka kutsa, aka ɗaga musu ƙofar ƙarfe suka sunkuya suka shiga.

Alhaji Mu'azu, dattijo mai furfura, yana tsaye tsakanin firji biyu, babbar rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi.

"Sufeto, an kashe ni! Kati ɗari kacal na buga, na raba wa masu sayayya a wurina kyauta, don in gode musu. Leƙa waje ka gani, sun fi ɗari huɗu! In na sayar wa kowa a rabin kuɗi, gobe sai dai in koma tallan goro."

Sufeto ya karɓi kati biyu, na gaske da wanda ake ƙorafi a kai, ya ɗaga su saitin fitila. Na jabun takardarsa ta fi laushi. A ɓoye ya zura hannu aljihu ya shafa nasa. Laushi luɓus! Wallahi sai da kunya ta kama shi, ya yi tari ya gyara bel.

Amma hatimin shuɗiyar tawada da ke bayan katunan iri ɗaya ne sak, har da ɗan gefen da ya gutsure.

"Alhaji, takardar jabu ce, amma hatimin naka ne. A ina yake kwana?"

"A aljihuna! Ba ya barin jikina sai ranar Juma'a in za mu masallaci. Nan ne nake bar wa waccan, saboda rasit." Ya nuna da yatsa. "Ita kaɗai ke zama da shi. Ɓarauniya! Litinin kotu za ta, sai ta ga gidan yari da idonta."

Wadda ya nuna tana tsugune bayan kwalayen talabijin, ta rungume gwiwoyinta. Magdalina Bonat ke nan, 'yar Zonkwa, mijinta ya rasu, shekararta shida tana aikin kantin. Da yake ita Kirista ce, ita ake bar wa kanti duk Juma'a, kamar yadda ake yi a shaguna da yawa na layin.

A waje, inda zancen ya riga ya isa, aka fara dukan ƙofa. "A fito mana da ita! A fito da ita!"

Sufeto ya san Agege, a nan aka yanke masa cibi. In jama'a ba su ga hukuma ta riƙe wani ba, su za su yi hukuncin da kansu. Ransa bai so ba, amma ya ce wa Longji ya sa mata ankwa, ya leƙa ya sanar cewa tana hannun 'yan sanda. Ihun ya ɗan lafa.

Sai kuma wani sabon ihu ya tashi. Mata ne suka cakumo wata tsohuwa suna turo ta gaba, ɗankwalinta a hannun wata, takalminta ɗaya ya ɓace. Inna Tani ce, dillaliyar da ke shiga gida-gida da zannuwa da kwanuka. A hannunta matan suka sayi katin, har da matar Sufeto.

Aka shigo da ita tana haki.

"Inna, ina kika samo katunan nan?"

"Ni? Tsinta na yi, ɗan nan. A bakin kwata."

"Kati ɗari uku a bakin kwata? To, buɗa wa matan can ƙofa, Longji, su ji daga bakinta."

"Tsaya, tsaya! Haba ɗan nan, ba ka san wasa ba? Wani mai okada ke kawo mini a leda, ban san shi ba, kullum da hular kwano. In sayar, in cire nawa, washegari ya zo ya karɓi sauran."

"Yaushe yake kawowa?"

"Juma'a, bayan an sauko. Sau uku ke nan. Ko bushewa tawadar ba ta gama yi ba, dubi yadda ta ɓata mini yatsu."

Ta miƙo hannu, ga shuɗi nan a ƙarƙashin lalle. Alhaji ya buga cinya.

"Ka ji ko? Juma'a! Me kuma ake jira?"

Sufeto ya ja kujera ya zauna gaban Magdalina, ya sassauta murya.

"Jiya daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu da rabi, kina ina?"

"Ina nan cikin kanti, Oga."

"Ko nan da bakin titi ba ki je ba?"

"Ban je ko'ina ba."

Ta faɗa idonta a ƙasa. Sufeto ya tura Longji ya tambayo mai abincin da ke tsallake. Minti biyar bai cika ba ya dawo.

"Oga, Balkissa mai tuwo ta ce duk Juma'a tana ganinta. Ɗaya da rabi ta ja ƙofa ta sa kwaɗo, sai wajen biyu take dawowa."

Magdalina ta fashe da kuka.

"Gaskiya ne, Oga. 'Yata Victoria nake ɗaukowa daga makaranta, Juma'a da wuri suke tashi, ba ni da mai ɗauko mini ita. Na ji tsoro in Baba ya sani zai kore ni. Amma na rantse da Allah ban taɓa buga hatimi a kan komai ba sai rasit. In aka kulle ni, wa zai riƙe mini ita?"

"Hatimin fa, kina tafiya da shi?"

"A kan tebur nake barinsa. Ai ƙofa a kulle take."

Sufeto ya miƙe zumbur, zuciyarsa na bugawa da murna irin ta wanda ya hango haske. Ashe duk Juma'a akwai rabin awa da hatimi ke zaune shi kaɗai!

"Alhaji, kantin nan yana da wata ƙofa?"

"Akwai ta sito, ta baya. Makulli biyu ne, ɗaya wurina, ɗaya wurin Salim, ɗan ƙanena. Amma shi ai tare muke fita masallaci."

Salim yana jingine da wani janareta tun ɗazu, saurayi fes cikin shadda mai sheƙi, shi ne manajan kantin. Ya matso yana murmushi.

"Oga Sufeto, abeg, kada a ɓata lokaci. Ni da Baba da Abdou mai ɗaukar kaya, tare muke fita, tare muke dawowa. Kowa a layin nan shaida ne."

"Sahu ɗaya kuke tsayawa?"

Alhaji ne ya amsa. "Wa ke samun sahu ɗaya a cunkoson nan? Kowa inda ya samu. In an sallame mu haɗu a bakin layi."

"Kai Salim, jiya ina ka samu?"

"A kan titi, wajen masu lemo. Cikin masallaci ya cika, kamar kullum."

"A kan me ka yi sallar?"

"A kan kwalina mana."

Sufeto ya san wannan sarai. Masallacin Juma'a ba ya ɗaukar rabin jama'a, saura a titi suke jera sahu. 'Yan kantunan kayan lantarki kuwa ba sa wahalar da kansu da darduma. Kwalin talabijin suke farkewa su ninke biyu, kowa ya saƙale nasa a hammata. Jiya ma shi kansa a titin ya yi salla, bayan ruwan da aka tafka tun safe, kuma har yanzu wandonsa na kan igiya saboda caɓin da ya kwasa a gwiwa.

"Ina kuke ajiye kwalayen?"

Abdou, wani dogon Bamaraɗe da ke tsaye a gefe, ya shiga sito ya fito da kwali uku. Kowanne an rubuta sunan mai shi da alƙalami mai kauri, don kada a haɗa. Sufeto ya jera su a ƙasa, ya kife bayansu sama.

Na Alhaji ya sha laka, har gefensa ya saɓule. Na Abdou ya fi muni, ga sawun tayar okada a kai. Na Salim kuwa tas, kamar yanzu aka ciro talabijin daga ciki.

"Ikon Allah!" in ji Sufeto. "Salim, kai naka titin ban da shi aka yi ruwan?"

Murmushin Salim ya ɗan karkace. "Sabo ne. Jiya da yamma na canza, tsohon ya lalace."

"A'a, patron," in ji Abdou a hankali. "Wannan ni na yanka maka shi tun watan jiya. Ga ma inda wuƙa ta zame mini."

"Wa ya tambaye ka? Rufe mana baki, jare!" in ji Salim, har da guntun Yarabanci.

"Bar shi ya yi magana," in ji Alhaji. Muryarsa ta canza.

Sufeto ya tsuguna ya juya kwalayen, ya duba inda goshi ke sauka. A na Alhaji da na Abdou wurin ya yi duhu saboda gumi da man kai na makonni. A na Salim ko alama babu. Wata guda ana yawo da kwali a hammata, goshi bai taɓa shi ba!

Sannan ya sa yatsa ya buɗe ninkin.

Longji ya saki salati irin nasu na coci. Cikin kwalin, layi-layi, ga inuwar hatimin Kantin Sauƙi a juye, shuɗi a kan shuɗi, wani ya dushe, wani sabo, kowanne da ɗan gefensa da ya gutsure. Katunan da aka jera tawada ba ta bushe ba, su suka bar sawunsu.

Salim ya waiga ƙofar sito. Kafin ya ɗaga ƙafa Abdou ya riga ya tsaya a bakinta, ya harɗe hannuwa.

"Zauna," in ji Sufeto. "Ko ka faɗa mana a nan, ko ka faɗa wa matan da ke waje."

Salim ya zube a kan wani kwali, ya dafe kai.

"Ni ne. A Mushin na buga takardun. In mun shiga cunkoso sai in sulale in zagayo ta baya, in jira ta tafi ɗauko 'yarta. In buga, in jera a cikin kwali, in miƙa wa mai okada, in tsaya a bakin layi kamar yanzu aka sallame."

"Me ka rasa a gidana?" Alhaji ya tambaya.

"An ce wayar hannu na zuwa, Baba. Abokaina duk sun tanadi kuɗin layin waya. Na so in riga su."

"Ita kuma fa?" Sufeto ya nuna Magdalina. "Ka san a kanta zai faɗo?"

Salim ya ce, "Na sani. Wa zai zargi mai kwali a hammata, ga wadda ba ta zuwa masallaci a zaune?"

Ran Sufeto ya ɓaci ƙwarai, har sai da ya ji hannunsa na ƙaiƙayi. Ya daure. Ankwa ɗaya suka zo da ita, don haka ya karɓi makulli da kansa ya kwance ta daga hannun Magdalina, ya juya ya datse ta a na Salim.

Alhaji Mu'azu ya matso, hularsa a hannu, idanunsa sun kaɗa.

"Magdalina, 'yata, ki yafe mini. Gobe ki... a'a, Litinin ki dawo bakin aikinki. Zan ƙara miki albashi. Yarinyar ma ki riƙa ɗauko ta, ba komai."

Ta miƙe tana murza wuyan hannunta inda ƙarfe ya kwanta. Ba ta ɗaga murya ba.

"Baba, shekara shida ina tsare maka kanti kana salla. Yau ko minti ɗaya ba ka tsare ni ba."

Ta ɗauki jakarta, ta ajiye makullin kwaɗon ƙofa a kan tebur.

Longji ya ɗaga ƙofar ƙarfe. Jama'a suka yunƙuro da ihu, sai suka ga mai shadda ne a cikin ankwa, ihun ya tsinke. Sufeto ya tasa Salim gaba zuwa mota. Da ya waiga, ya ga matan da ɗazu ke kiran a fito musu da Magdalina suna ja da baya suna ba ta hanya, ba wadda ta iya haɗa ido da ita, har ta fice daga layin.