Radiya da Iskar Hadari

A garin Ollelewa, cikin ƙasar Damargu, akwai wata yarinya mai yawan tunani. Ko a cikin aji ne, sai ka ga ta zuba wa taga ido. Tana kallon gajimare tana raɗa musu suna. Wannan raƙumi ne, wancan tulu ne, wancan kuma tsoho ne mai gemu.

Mushe, malamin ajinsu, yakan buga tebur ya ce, "Ke, dawo cikinmu mana!" Sai 'yan aji su fashe da dariya.

Ita kaɗai ce wurin iyayenta. Ta daɗe tana roƙon Allah ya ba ta ƙane ko ƙanwa. Sai Allah ya ba ta biyu a tare, mace da namiji. Amma sun zo tun lokacinsu bai yi ba. Bakwaini ne. Aka wuce da su babban asibiti a Damagaram, su da Inna. A can aka raɗa musu suna, Haris da Radiya.

Yarinyar ta zauna gida tare da Kaka. Kullum tana ganin jariran a mafarki. Takan gan su manya, masu kumatu, suna gudu a kan tudun rairayi, ita kuma tana bin su tana dariya.

Ana ƙarshen bazara suka dawo. Da jin tsayuwar mota, yarinyar ta fita da gudu. Ta zagaya bayan Inna. Babu goyo. Ta dubi hannun Baba. Babu komai.

"Inna, ina jariran?"

Inna ta yi murmushi, ta ɗan buɗe mayafinta. Ga wani ɗan kai sanye da hular ulu, kwance a ƙirjinta. Baba ma ya buɗe wuyan rigarsa. Ga ɗayan nan, ya lafe yana barci.

Yarinyar ta matso kusa. Ba ta taɓa ganin mutum ƙarami haka ba. Yatsun Radiya kamar tsinken tsintsiya. Kunnen Haris kamar ganyen zogale. Numfashinsu kuwa, sai ka kasa kunne sosai kafin ka ji.

"Inna, ai a baya ake goyo."

"Su a ƙirji ake goya su," in ji Inna. "Jikinsu bai iya riƙe ɗumi ba tukuna. Namu suke ara."

Baba ya dafa kanta. "Daga yau sunanki Yaya. Ki saurara da kyau, Yaya. Ba a taɓa su sai an wanke hannu da sabulu. Mai tari ko mura ba ya shiga ɗakinsu. Kuma ba a fita da su waje, sai ranar da za a kai su awo a likita, asibitin garinmu."

"Ko tsakar gida, Baba?"

"Ko tsakar gida."

"To, na ji."

Gidan ya canza. Kowa ya koma magana a hankali. Kaka ta daina daka a ƙofar ɗaki, ta kai turminta bayan rumbu. Mata masu zuwa barka sukan tsaya a bakin ƙofa, su yi addu'a, su juya.

Jariran ba su da ƙarfin tsotso sosai. Inna takan tatsa nono a ɗan ƙaramin kofi, ta ba su kaɗan-kaɗan. Da ta gama da wannan, sai wancan ya motsa. Idanunta kullum ja, saboda rashin barci.

Kaka ita ke goya Haris in Baba ya fita. Takan leƙa fuskarsa ta ce, "Kai maigida, in ba ka yi ƙiba ba, ni ba na yi da kai." Haris kuwa sai ya yi hamma.

Wani lokaci jariran sukan yi murmushi cikin barci.

"Kaka, me suke gani?"

"Mala'iku ne ke musu wasa," in ji Kaka.

Yarinyar takan zauna ta yi ta kallonsu. Tana so ta san irin wasan da ake musu.

Da Inna ta ga tana kiyaye wanke hannu, sai ta fara ba ta goyon Radiya. Takan zauna a kan tabarma, ta jingina da bango. Inna ta kwantar mata da Radiya a ƙirji, ta ɗaure su da zane. Yarinyar takan ji 'yar zuciyar tana bugawa, dif, dif, dif, kamar ta ɗan tsako.

A nan take ba Radiya labarin duniya, da murya ƙasa-ƙasa.

"Radiya, a waje akwai sama, shuɗiya, ba ta da iyaka. Akwai raƙuma masu wucewa arewa, wajen Tenhya. Akwai gonarmu. In gero ya yi tsawo, har Baba yakan ɓace a ciki. Ke ba ki ga komai ba, sai rufin ɗaki."

Tausayin ƙanwarta yakan kama ta. Mutum ya zo duniya, amma bai ga duniyar ba!

Rannan da hantsi, ranar da babu makaranta, gari ya yi lumshi. Baba yana gona. Kaka ta fita koro awaki. Inna ta gama ba Haris nono, barci ya sace ta a zaune, shi kuma yana ƙirjinta.

Yarinyar tana goye da Radiya. Sai ta ji yara a waje suna ihu. "Hadari! Hadari ya taso!"

Ta leƙa ta labule. Gabas ta yi baƙi ƙirin. Gajimare sun hau kan juna kamar duwatsu, gefensu yana haske kamar azurfa. Wani ƙamshi ya shigo ɗakin, ƙamshin ƙasar da ta jiƙe a nesa. Ruwan farko ne na shekara.

"Radiya, wannan kam sai kin gani," in ji ta cikin raɗa. "Bakin ƙofa kawai. Yanzu za mu dawo."

Ta tuna maganar Baba. Amma ta ce a ranta, ai kallo ɗaya ba ya komai.

Ta tashi a hankali. Ta tsaya a bakin ƙofa. Daga nan ba a ganin sama duka, sai ta taka zuwa tsakar gida. Ta sassauta zanen don Radiya ta gani da kyau.

Radiya ta buɗe ido.

"Kin gani? Ga farin raƙumi can. Ga wani yana biye da shi. Mu hau, Radiya, mu tafi!"

A cikin ranta har sun hau. Suna tafiya bisa gajimare, gonaki suna wucewa a ƙarƙashinsu. Ba ta ji lokacin da iska ta juya ta yi sanyi ba. Ba ta ga lokacin da hular Radiya ta faɗi ba. Sai da manyan ɗigon ruwa suka sauka a kansu, sannan ta farka.

Ta koma ɗaki da gudu. Inna tana barci har yanzu. Zanen ya jiƙe, jikin yarinyar ma ya yi sanyi. Ta goge Radiya, ta sa mata wata hula. Ta kwantar da ita a gado, ta rufa mata tsumma. Jiƙaƙƙen zanen kuwa ta cusa shi a bayan akwati.

Da Inna ta farka ta ce, "Yaya, me ya sa kika sauke ta?"

"Na gaji ne, Inna."



Da lokacin shan nono ya yi, Radiya ta ƙi karɓa. Inna ta ɗiga mata a baki, ya gangaro ta gefe. Ta taɓa ƙafarta, ta ji ta sanyi ƙalau. Ta ɗan girgiza ta. Radiya ba ta yi kuka ba.

"Innalillahi! Kaka, zo ki ga yarinyar nan!"

Kaka ta shigo jiƙe, ta canza zane, ta karɓi Haris. Inna ta manna Radiya a ƙirjinta, ta lulluɓa da bargo. Aka aika ɗan maƙwabta ya kira Baba. Ruwa ya tsagaita, suka nufi likita cikin taɓo. Yarinyar tana biye da su.

Madam Samira ce ke duba jarirai a likitar. Ta auna ɗumin jikin Radiya, fuskarta ta canza.

"Jikinta ya yi sanyi sosai. Me ya faru? An yi mata wanka ne? An fita da ita?"

"Ko kusa," in ji Inna. "Ba ta taɓa leƙa waje ba."

"To, abin da damuwa. In sanyi ne ya buge ta, na san abin yi a nan. In kuwa haka kawai jikinta ya yi sanyi, wataƙila wata cuta ce a ciki. Sai an kai ta asibitin Tanut yanzu. Ga hanya ta ɓaci da ruwa."

Inna ta fara hawaye. Baba ya sunkuyar da kai.

Yarinyar ta dubi fuskar Radiya. Idanun da suka kalli sama ɗazu a rufe suke.

"Ni ce," in ji ta.

Kowa ya juyo.

"Ni na fita da ita. Na so ta ga hadari. Hularta ta faɗi, ruwa ya taɓa ta. Na ji tsoro, na ɓoye." Sai ta fashe da kuka.

Madam Samira ba ta tsaya faɗa ba. Ta gyara wa Radiya kwanciya a ƙirjin Inna, fata da fata. Ta ƙara musu bargo, ta rufe tagogi. Ta shiga ba ta nono, ɗigo bayan ɗigo.

Aka yi ta jira. Yarinyar tana tsugune a gefe, tana karanta duk addu'ar da ta iya. A waje ruwa yana ɗiga daga indararo.

Can sai yatsun Radiya suka motsa. Ta yamutsa fuska. Sannan ta saki wani ɗan siririn kuka.

"Alhamdulillahi!" in ji Baba.

Yarinyar ba ta taɓa jin sauti mai daɗi kamar kukan nan ba.

Madam Samira ta ce sai Radiya ta kwana biyu a likita, a ga yadda za ta yi. Aka kawo Haris ma, don ya samu nono. Baba ya zauna tare da su. Washegari duk gari ya fita shuka, gonarsu kaɗai babu kowa. Sai daga baya maƙwabcinsu Maigari ya kai 'ya'yansa suka shuka musu.

Ranar da aka sallame su, Baba ya kira yarinyar gindin itacen bedi.

"Yaya, kina son Radiya?"

"Ina son ta, Baba."

"Na sani. Son ne ya fitar da ke. Amma abin da ke miki daɗi, ita yana iya cutar da ita. Shi ya sa muka kafa doka. Kuma da kin faɗa wa Innarki tun da kika shigo, da ta ɗumama ta nan take."

"Ku yafe mini, Baba."

"Mun yafe. Kin yi daidai da kika faɗi gaskiya a likita. Amma ba za ki ƙara goyo ba, sai Inna ta ga kin natsu."

Abin ya yi mata zafi, amma ba ta yi gardama ba. Ta kama wasu ayyukan. Ita ke wanke ɗan kofin nono. Ita ke shanya tsummoki, ta kwashe su kafin yamma. Ita ke tsare ƙofa da buta da sabulu. Har ƙawarta Zuhaira ta mayar, ranar da ta zo tana atishawa.

"Ki yi haƙuri, Zuhaira. In kin warke ki dawo."

Inna tana ji daga ciki. Da yamma ta kira yarinyar, ta kwantar mata da Radiya a ƙirji.

Damina ta yi nisa. Wata safiya suka je awo gaba ɗaya. Madam Samira ta ɗora Haris a ma'auni, ta ɗora Radiya. Ta tafa hannu.

"Kai, madalla! Waɗannan sun zama manyan mutane. Wa ke taimakon Innarsu haka?"

"Yayarsu ce," in ji Inna.

Yarinyar ta sunkuya don ta ɗauki Radiya. Sai Radiya ta cafke mata hanci da hannu, ta ƙi saki. Ta buɗe baki, babu haƙori ko ɗaya, ta yi dariyarta ta farko. Kowa a ɗakin ya kama dariya, har da Madam.

Tun daga lokacin yarinyar ta riƙe abu biyu. In iyaye suka hana abu, akwai dalili, ko da yaro bai gane shi ba. In kuma aka yi kuskure, a faɗa da wuri, tun ana iya gyarawa.