Ragon Sunan da Gwaggo Ta Ɗaure

"Maijidda! Barci a gindin turmi da rana tsaka? Wannan wane irin lalaci ne!"

Da jin muryar Gwaggo, uwar mijinta, Maijidda ta zabura ta lalubi taɓarya. Allah shaida ba lalaci ba ne. Jikinta ne kamar an zare masa laka, ga ciwon kai, ga ido ya daina ganin gefe, kullum sai ta yi karo da bakin ƙofa.

A da kuwa ita ce 'yar lelen surukarta Gwaggo. Da al'adarta ta ɗauke, nono ya kawo ruwa, Gwaggo ta rangaɗa guɗa, ta aika kasuwar Paiko aka sayo ragon suna, duk unguwarsu ta Limawa sai da aka ji. Shekara ta zagayo, ciki shiru, rago sai ƙiba yake yi.

Mijinta Ya'u, mai gyaran kan jirgin ƙasa a loko, ya kai ta asibiti. Likita ya ce, "Ba ciki ba ne, ƙari ne a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Akwai ƙwayoyin da za su ɗan dawo mata da ƙarfi, amma ceton ido sai an yi mata aiki a Ibadan. Haihuwa kam ban yi alkawari ba."

Da Gwaggo ta ji, ta daka tsalle. "Ka sake ta! Ta mai da ni abin dariya da cikin ƙarya!"

"Gwaggo, ki gafarce ni," in ji Ya'u yana durƙushe. "Ban taɓa ƙin maganarki ba, amma wannan ba zan iya ba. Ita nake so, da lafiya ko babu."

Maijidda ta shiga ɗaki ta fito da 'yar rigar jariri da hula, ta ajiye a cinyar Gwaggo, hawaye na zuba.

"Ni na ɗinka su, Gwaggo. Ni ma na yarda da cikin nan. Zan je a yi aikin. In na dawo, ki yanke hukuncinki."

Gwaggo ta ɗauki 'yar hular tana jujjuya ta.

Bayan damina, an yi aikin lafiya, ita da Ya'u suka sauka daga jirgin Ibadan. Maijidda ta tako da ƙafarta, kai a ɗage, tabo a ƙarƙashin ɗankwali, ta shige ƙofar nan ba ta yi karo ba! Ƙamshin suya ya tarye ta, turken ragon babu komai.

"Gwaggo, ina rago?"

Tsohuwa ta rungume ta tana kuka. "An yanka. Yau ake suna, Allah ya ba ni 'ya, ke ce."

To kun ji, 'yan mata. Kada ku kira mai ciwo malalaci, kuma wanda ya riƙe masoyinsa da haƙuri, wallahi ba ya kunyata.